Jatau da Farar Rigar Nomau

A Unguwar Ɗorawa akwai wani gida mai mutum uku: Iya Tabawa, da babban ɗanta Nomau, da autanta Jatau. Shi Jatau ƙato ne mai gemu, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Iya ce ta san naman kaza, wanda ake ci da wanda ke kwantar da mutum, sai dai gwiwa ta hana ta shiga daji. Ga shi Nomau ya kira gayyar noma, gidan kuwa ba ko ƙashin nama. In miya ta yi lami, baɗi ba mai zuwa masa gona. Dole aka koma koya wa Jatau.

Wata rana Iya ta ce, "Auta, kafin ka tsinka, ka duba ƙarƙashinsa." Jatau ya sami wasu ƙanana cikin ciyawa, ya kwanta rub da ciki, ya manna kunci a ƙasa yana leƙe. Cinnaku suka yi masa rubdugu. Ya dawo fuska a kumbure, ƙwarya wayam, ya ce, "Iya, na duba. Duhu ne a ciki."

Wata rana ta ce, "Ka kawo mini shi har da inda ya tsiro, in gani." A jikin suri ya same shi, don haka ya sa gatari ya fasa surin, ya ɗauko rabinsa a ka. Kafin a farga gara ta cinye zanan ɗakin girki. Ni dai da na ga wurin, tausayin Iya ya kama ni.

Wata rana ta ce, "Wanda ba ka sani ba, ka tambaya." Ya tarar da wani ja a kan ruɓaɓɓen kututture, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Bawan Allah, ana cinka?" Shiru. Ya dawo yana cewa na daji ba su da tarbiyya.

Ranar gayya Nomau ya gaji da shirme. Da sassafe ya je makiyaya da kansa, ya ciko kwando da wasu farare masu faɗi, gwanin sha'awa. Iya ta tafi aron tukunya, sai ya ce wa Jatau, "Shimfiɗa su a wuri mafi tsabta a gidan nan, ina dawowa a zuba a miya."

Jatau ya zaga gida kaf, bai ga abin da ya kai farar rigar Juma'ar Nomau tsabta ba. Ya baza ta, ya jera su a kai ɗaya bayan ɗaya, ya kifa faifai.

Da azahar Nomau ya dawo, ya ɗaga faifan, ya ga rigarsa duk zagaye-zagayen koren gari da naman kazan ya zubar. Ya rarumi muciya. Iya, da shigowarta ke nan, ta ce, "Dakata." Ta shafa garin da yatsa, ta duba.

Ta ce, "Naman kaza mai zubar da kore, amai da gudawa ne. Da yau duk mazan garin nan a gonarka za su zube."

Nomau ya sauke muciya a hankali. Aka yi wa 'yan gayya miyar kuka da daddawa, kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Jatau ya ce, "Yaya, in wanke rigar?"

Nomau ya ce, "A'a. Bar ta haka, da ita zan je masallaci."