Gaurakan da Ya Sa Aka Kore Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka fitar da ni daga gidan zane-zane a Washington saboda tsuntsu, kuma tsuntsun ma na fenti.

'Yata Nabila, mai shekara goma sha ɗaya, ita ta roƙe ni in raka ajinsu yawon buɗe ido. Wannan yarinya ba ta taɓa yarda ƙawayenta su gan ni ba. A bakin titi take sa in sauke ta, nesa da ƙofar makaranta. Ranar da ta ce ni take so, har hutu na ɗauka a asibitin da nake aiki a Largo. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini, da Turanci kamar kullum (Hausa tana ji sarai, mayarwa ce ba ta yi): "Baba, ka yi alkawari ba za ka yi magana da ƙarfi ba." Na ɗauka.

Lafiya lau muka yi ta yawo, har muka shiga ɗakin tsofaffin zanen mutanen Holan. Kaji, agwagi, ɗawisu, wasu ma a rataye ta ƙafa, ko yanka ba a yi ba. Sai ga shi a tsakiyar wani ƙaton allo, dogo, da tukkunsa kamar tsintsiyar zinare. Gauraka. Irin wanda na taso ina gani a fadamar Nguru, wanda nake yi wa Nabila kwaikwayon rawarsa tun tana goye.

Baturiyar da ke yi mana bayani ta tambayi yaran daga ina suke zaton aka kawo wannan tsuntsu. Wani ya ce Indiya. Ta yi murmushi ta ce, "Ka yi ƙoƙari sosai." Wata ta ce Ostireliya. Ita ma wai ta yi ƙoƙari. Ƙoƙarin me? A makarantarmu, amsa irin wannan sai ka tsaya a rana. An kwashe tsuntsunmu a jirgin ruwa shekaru aru-aru, an kai wa attajirai suna ado da shi, yanzu kuma ko sunan ƙasarsa ana rabawa kamar alewa. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake.

Ban san lokacin da na ratsa yaran ba. Na ce, "Wannan namu ne. Gauraka sunansa. Ku dubi nan." Kuma da yake ni ɗan kasuwar kaji ne tun asali (mu ba ma nuna tsuntsu daga nesa, sai mun taɓa), na ɗora yatsa a kan tukkun, na ƙwanƙwasa sau biyu.

Mai gadi ya daka mini tsawa, wani ya zo, sannan wata mai riƙe da rediyon oba-oba. Maimakon in ba da haƙuri, sai na tsaya ina yi musu bayanin fadamar Nguru. Aka duba zanen da 'yar fitila, aka rubuta sunana, aka raka ni waje a gaban yara da malamarsu. Awa biyu na yi a kan benci ina huci, ina ce wa kaina ai gaskiya na faɗa.

A mota Nabila ta juyar da fuska wajen taga har muka kusa gida. Ni kuwa ban yi shiru ba: "To ba gauraka ba ne? Ƙarya na yi?"

Sai ta juyo, ta yi mini Hausa, cikakkiyar jimlar farko da na ji daga bakinta cikin shekara biyu.

"Baba, ai na ɗaga hannu. Ni za ta kira. Zan ce na garin babana ne, ga shi can."

Ashe malamarsu ta nuna musu hoton tun makon da ya wuce, shi ya sa Nabila ta gayyace ni.

Bana Mamanta ce ta raka su. Ni dai na koyi cewa kafin ka tashi ƙwato wa tsuntsu haƙƙinsa, ka waiwaya ka ga hannun wa ke sama.