Ƙanin Tuta

A duk faɗin kudancin Jutland ba a taɓa haifar mutum a ranar da ta dace da shi kamar Ebbe Lautrup ba. Mu sauran talakawan ƙauyen Bredsholm kara-zube aka haife mu, wani a Talatar da ba a yi komai ba, wani a Alhamis ɗin da ko kaza ba ta yi ƙwai ba. Shi kuwa Ebbe sai da ya duba kalanda tun yana ciki, ya zaɓi sha biyar ga Yuni, sannan ya yarda ya fito.

Wa zai ga laifinsa? A ranar ce, in ji kakanni, tutar Denmark ta faɗo daga sama ana tsakiyar yaƙi. A ranar ce manyan Ingila suka tsare sarkinsu har ya yarda doka ta fi shi. A ranar ce yankinmu ya bar hannun Jamus ya dawo gida. Abu na huɗu shi ne wanda littattafan makaranta suka tsallake saboda hassada: haihuwar tsohon mataimakin manajan kamfanin madarar ƙauyenmu. Shi ya sa muke kiransa Ƙanin Tuta. Mu da tsiya muka laƙaba masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu kamar an naɗa shi sarauta.

Duk shekara in ranar ta zagayo, ƙasa ta kafa tutoci, sai Ebbe ya ɗauki sandarsa ya zaga gari yana ɗaga hula yana cewa, "Haba jama'a, ai da ba ku wahalar da kanku ba." Da yamma a taru a gidansa shan kofi, a jera kek har teburi ya yi nishi, amma ba mai taɓa ko ɓarɓashi sai ya gama jawabi. Jawabin kan faro daga faɗowar tuta, ya ratsa Ingila, ya bi ta kan duk wani sarki ko mawaƙi da aka haifa ko ya mutu a ranar, ya dire a kan Ebbe. Kafin nan kofi ya huce, tsofaffi sun yi gyangyaɗi sun farka.

"Babban mutum ba ya ɓarnar ranaku," in ji shi. "Ƙofar da ya shigo ta nan yake fita. Ni nan da kuke gani, sha biyar ga Yuni zan tafi."

Matarsa Bodil, ba ta ko ɗago kai daga saƙarta ba, ta ce, "Na wace shekara?"

Da zai cika saba'in, sai abin ya zama gagarumi. Ya kama jerin tutocin ƙungiyar ƙauye, waɗanda muke kafawa gefen titi in ana biki, ya ce a kafa su daga ƙofar coci har ƙofar gidansa. Ya gayyato ƙaninsa Preben da matar Preben, Jytte, da tarin dangi daga birnin Aarhus. Jawabin kuwa tun lokacin sanyi yake rubuta shi. Ya sa aka wanke hotonsa ƙato aka jingine a falo, aka kewaye shi da furanni da kyandirori. Shi kansa zai zauna a bene, kada wanda ya gan shi, sai rana ta take tsaka ya bayyana a kan matakala.

"Yayata daga sama ta sauko," ya ce, "ni ma daga sama zan sauko."

To, in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Ana sauran 'yan kwanaki, maƙwabcinsa tsoho Jes mai kiwon zuma ya rasu, 'ya'yansa suka sa jana'iza safiyar sha biyar ga wata. Ebbe ya nufi gidan Fasto Agnete yana huci.

"Agnete, mutumin nan bai taɓa yin gaggawa ba a rayuwarsa. Ƙarin kwana ɗaya ne zai dame shi? Duk ranakun shekara ya rasa wadda zai raɓa ya shiga tarihi sai tawa?"

"Ranar tana da faɗi, Ebbe," ta ce, "za ta ɗauke ku ku biyu. Tutoci su tsaya rabin sanda, alamar makoki, har a binne Jes, sannan a ja su sama kamar yadda aka saba."

Ya fito yana cewa shi ba za shi jana'izar ba, wai wanda ake wa biki ba ya yawo.

Ranar ta zo. Gari ya watse zuwa coci, har da Bodil, ta bar ƙofa a buɗe. Ebbe ya haye bene da baƙar kwat da takardun jawabinsa. Sai ga motocin Aarhus sun iso da wuri, don Jytte ba ta yarda wani ya riga ta kujera mai kyau. Suka ga tutoci rabin sanda tun daga coci, jerin ya zo ya ƙare cak a ƙofar Ebbe. Suka shiga, gida tsit. Ga hoto, ga furanni, ga kyandirori suna ci.

Preben ya cire hula. "Kai! Ashe da gaske yake. Ya cika alkawari da safen nan."

Ebbe na sama yana ji. Da farko ya yunƙura zai tsawata, sai kuma wani daɗi ya lulluɓe shi. Wane sarki ne a tarihi ya samu ya ji makokin kansa da kunnensa? Ya koma ya zauna a kan matakalar ƙarshe, ya gyara wuyan riga, yana jiran kururuwa.

"Allah sarki Bodil," in ji Jytte. "Tana can wurin fasto, na sani. Yau dai za ta kwanta ba a karanta mata tarihin Ingila ba."

"Mutumin kirki ne fa," in ji Preben, "in yana barci."

Wata ƙanwar mahaifiyarsu, kurma-kurma, ta ɗaga murya: "To jawabin fa? Wa zai yi?"

"Babu jawabi, Inna," in ji Preben.

"Babu? Ko kaɗan?"

Sai wani ya ƙyalƙyale, wani ya kama, dariya ta ɓarke har ana dafa bango. Inna ta ce tun tana da haƙoranta take fatan ta sha kofin gidan nan da zafinsa. Aka ɗora ruwa, aka far wa kek. Preben ya leƙa taga yana tambaya ko motar marigayi tana da mai so. Ni dai da na ji labarin sai da Ebbe ya ba ni tausayi, don kunne ya jiyo wa jiki abin da bai aika shi ba.

Rana ta take tsaka, aka gama binne Jes, muka bi titi muna jan tutoci sama. Ni aka ba ta ƙofar Ebbe. Daidai nan matakala ta yi ƙara, ya sauko a hankali, ƙirji a gaba, fuska ja wur. Jytte ta ƙwalla ƙara ta saki kofi. Preben ya sandare da kek cike da baki. Ebbe ya tsaya gefen hotonsa, ya saka tabarau, ya warware takardu, ya yi gyaran murya.

"A rana irin ta yau, tuta ta faɗo daga sama..."

Sai Preben ya haɗiye kek ɗin da ƙyar, ya tura taga, ya ƙwala mini kira:

"Kai mai igiya! Mayar da ita rabi. Yanzu ne aka fara makokin."