Ƙasar Bayan Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da ƙafafun surukina ba, don kuwa su kaɗai na sani a jikinsa. Na kusa shekara biyu da aure, amma da za a jera min dattawa a ce in nuna Baffa ta fuska, da wuya in dace. A nuna min ƙafa kuwa, ko cikin taron Idi zan ware tasa. Haka tsarin gidansu yake. Suruka in ta zo gaisuwa tun daga nesa take tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta kafe idonta a ƙasa, ta gaishe shi da muryar da ita kanta da ƙyar take ji. Shi kuma ya amsa yana kallon garken shanunsa.

A lokacin muna zaune a unguwar Takur, cikin Dutse. Maigidana yana aiki a sakatariya, yana cikin waɗanda aka kwaso daga Kano da aka ba mu jiha. Ni kuma ina ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Dutse, ina haɗa digirina na biyu a kan ciwon ƙoda. Daga baya bincike ya ja ni zuwa garkuwar jiki da ciwon daji, har ta kai ana gayyatata taro a ajiye min ruwan roba a gaba, amma a wancan zamanin duniyata gaba ɗaya fitsari ce. Da shi nake wuni. Akwai wata 'yar siririyar takarda da muke tsomawa a ciki, in ƙoda ta fara yoyon furotin sai takardar ta sauya launi. Ni dai wannan sauyin launin yana burge ni fiye da atamfa. (Ƙawayena sun daina tambayata yaya aiki in ana cin abinci.)

Da Babbar Sallah muka tafi ƙauyensu a bayan Kiyawa. Na durƙusa gaida Baffa kamar kullum, idona ya sauka inda ya saba sauka, sai na ga abin da ban saba gani ba. Madaurin takalminsa ya nutse cikin nama, idon sawunsa ya ɓace. Mutumin da na sani da siraran ƙafafu irin na wanda ya yi rayuwarsa a bayan shanu, yau ga su sun yi suntum. Na ƙarasa gaisuwar ban san me nake cewa ba.

Da na shiga ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana, na yi ta kewaye-kewaye har na ji abin da nake tsoron ji. Ta ce ai da safe ma fuskarsa kan tashi, sai rana ta ɗaga take saɓewa, kuma ya daɗe yana shan ƙwayoyin ciwon jiki da yake saye a kemis ranar kasuwa. Na san inda irin wannan hanyar take kai mutum. Na sha ganin dattawa an kawo su ranga-ranga bayan ƙodar ta gama lalacewa, a ce sai wankin ƙoda a Kano, iyali su sayar da abin da suke da shi, ƙarshe a dawo da gawa. In an gano da wuri kuwa, sau da yawa ana iya riƙe abin. Bukatata ba ta wuce fitsarin Baffa ɗan kaɗan a kwalba ba. Shi kuma Baffa tsakaninsa da asibiti sai dubiya.

Na fara da maigidana. Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari liman. Shi ɗan fari ne, Baffa ko sunansa bai taɓa kamawa ba, sai dai ya ce “yaron nan na Dutse”. Tunda ya yi wayo ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Ya ce min shi ya yarda da maganata, hankalinsa ma ya tashi, amma ya je ya tsaya gaban Baffa ya ambaci kalmar fitsari, gara in ce ya faɗa rijiya. Na koma wurin Inna. Ban rufe baki ba ta ja gefen mayafi ta toshe nata bakin, ta ce ita ba ta ji abin da na ce ba, in je in duba tukunya.

To, a nan ne ya kamata mai hankali ta tsaya ta yi tunani. Akwai likitoci maza a wurin aikinmu, akwai abokan Baffa da yake jin maganarsu. Duk ban tuno su ba. Ni a ganina ni ce masaniya, kuma gobe za mu koma Dutse.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke a tsakar gida sai na hango Baffa ya ɗauki buta ya zaga bayan rumbu. Jim kaɗan ya fito ya nufi waje. Zuciyata ta ce, je ki leƙa kawai, in da kumfa a wurin ai kin samu alamar yoyon furotin. Na ajiye kwanon hannuna. Har na taka sai na tuna akwai kwalbar gwaji a jakata (ba na rabuwa da su, wasu matan turare suke yawo da shi), na koma na ɗauko, na haɗa da cokalin shayin Inna. Dabarar da na tsara ita ce in ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasar, in je da ita Dutse, in zuba mata ruwa in tace, in tsoma takardata.

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa min: ɗalibin da ya shiga aji jiya ya san wannan ba gwaji ba ne. Wurin da awaki suke kwana, kaji suke tono, me za ka auna a ciki? Na sani sarai. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Akwai kuma abu na biyu da na sani, shi ma na manta. A Yalwawa aka haife ni, ba a Ingila ba. Duk yarinyar da ta tashi a ƙasar nan ta san abin da ake cewa mace take nufi in aka gan ta tana ɗibar ƙasar sawun namiji, balle ƙasar da ya yi bawali a kai. Ga shi shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, ko'ina ka juya wa'azi ake a kan masu bin bokaye, a rediyo, a masallaci, har a gidan suna.

Na tsuguna. Kumfar kuwa tana nan, fara sol, ba ta kwanta ba. Maimakon in tashi tunda na ga abin da na zo gani, sai na ji wani daɗi irin na mai bincike, na sunkuya sosai, na soma kwasa a hankali ina zubawa a kwalba. Ina cikin cokali na ban san nawa ba na ji salati a bayana. Goggo ce, ƙanwar Baffa, ta zo ɗibar kara. Kafin in juya in dube ta sai ga wasu ƙafafu sun tsaya a gabana. Ban buƙaci ɗaga kai ba. Ashe sandarsa ya manta a jingine jikin rumbun.

Ina tsugune, kwalba a hagu, cokali a dama, hancina kusa da ƙasa. Kuma kun san abin da na yi? Na gaishe shi. Wallahi cewa na yi, “Ina kwana, Baffa,” karo na biyu a safiyar. Ya ɗauki sandarsa ya wuce.

Ba a ɗau lokaci ba aka tara mu a rumfar ƙofar ɗakin Inna. Baffa a kan buzunsa, Inna a bakin ƙofa ta juya mana baya, maigidana can nesa jikin zana kamar baƙo. An ajiye kwalbar da cokalin a tsakiya. Goggo ce mai gabatar da ƙara. Ta ce dama tun farko ita ba ta natsu da auren 'yar boko ba, ta mallake ɗan bai ishe ta ba, yanzu uban take so ta haɗa, shanun take hange. Ta ce a kira liman, a kuma aika wa iyayena. Ba da ihu take maganar ba, a natse take jero ta, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na ji tausayin kaina, na kuma ji haushin kaina, don da ni ce na kama wata a haka, abin da zan zata ke nan.

Baffa ya bari ta gama. Sannan, karo na farko tunda na shigo gidan, ya yi magana da ni kai tsaye. Ya ce in faɗi abin da ya kai ni.

Na duba hagu da dama, babu mai ceto. Maganar da na yi ta gudu, wadda ɗansa ya kasa, matarsa ta ƙi ji, ita ce dai zan faɗa, kuma yanzu a gaban kowa.

“Baffa, ƙafarka ta kumbura. Ina tsoron ƙodarka ce. Fitsarinka nake so in auna.”

Inna ta tashi ta shige ɗaki. Maigidana ya sami wani abu a jikin zana ya shiga tsinka. Baffa ya nuna kwalbar da sandarsa.

“To ita wannan ƙasar, za ta nuna miki ciwon?”

Da na yi ƙarya na ce e, da wataƙila an tashi a nan. Amma bakina ya ƙi. Na ce a'a, ba za ta nuna komai ba.

Goggo ta tafa hannu ta ce to kun ji, in ba ta awo ba ce, ta mece ce? Na ga aurena yana lilo, amma abin da ya fi damuna shi ne daga yau ko sunan asibiti aka ambata Baffa zai tuna wannan kwalbar ya ƙi zuwa. Na zo gyara na ɓata.

Da na rasa abin yi sai na tuno abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar kwalba ko cokali. Ba ni da halin taɓa shi, don haka na roƙe shi ya danna ƙaurinsa da babban yatsa, ya ɗan riƙe, sannan ya ɗaga. Ya janye bakin wandonsa ya danna. Da ya ɗaga, gurbin yatsan ya zauna, ya lotsa kamar an danna tuwo. Muka zuba masa ido, ya ƙi cikowa. Na ce Goggo ma ta gwada nata. Ta danna da ƙarfinta don ta ƙaryata ni, naman ya dawo nan take. Ta sake dannawa, ya sake dawowa. Daga nan sai kallon ƙafar yayanta take.

Baffa ya sauke wandonsa, ya ce a wanke wa Inna cokalinta. Ya tashi ya fita. (Inna ba ta wanke ba, a masai ta jefa shi.)

Ni da maigidana muka koma Dutse. Na yi kwanaki ina jiran a aiko a ce in tafi gida. Ranar wata Talata ina bakin aiki wani likita, abokin aikina, ya leƙo ya ce wani dattijo ya zo daga wajen Kiyawa, ya ce a auna shi duk abin da za a auna, amma da sharaɗi ɗaya: akwai 'yarsa a ɗakin gwaji, kada a kai mata fitsarinsa. Na shiga bayan ƙofa na yi kukana. Ban san wanne ya sa ni kukan ba, zuwan da ya yi ko “'yarsa” da ya ce.

Jininsa ya hau sosai, ƙodar ta taɓu amma ba ta mutu ba. Aka raba shi da ƙwayoyin kemis, aka ɗora shi a kan magani, aka rage masa gishiri da kanwa. Ya rayu har ya ga 'ya'yana sun shiga makaranta, kuma da ajalinsa ya zo ba ƙoda ce ta kai shi ba. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Da kaka ta yi dai aka aiko min cewa akwai wata karsana a garke, Baffa ya ce tawa ce. Goggo kuwa muka zama aminai, amma har ta rasu in ta ji sallamata sai ta ɗaga murya ta ce a ɓoye cokula, likita ta iso.

Abin da na koya bai da yawa. In magana ta zama dole, a nemi mai faɗa, in an rasa a runtse ido a faɗe ta tun a ɗaki. Kunyar da ka ƙi ji a gaban mutum ɗaya ba ta zuwa ko'ina, tana nan tana jiranka a bayan rumbu, kuma in ta tashi zuwa da 'yan kallo take zuwa.