Ranar da Na Kori Gwamnati daga Wayata

Ba zan taɓa mantawa da ranin da muka yi shirin auren ɗana Bello ba. Albasa ta yi kyau a Wurno, kowa fuska a sake. A lokacin ne na ji a rediyo wai wata gwamnatin ƙasar waje ta sa an bar kafa a tsarin da ke kulle saƙonnin waya, don ta riƙa leƙe.

Na tambayi ɗiyata ta fari, malamar makaranta. Ta ce, “Inna, kamar maƙeri ne ya ƙera maki kwaɗo, ya ɓoye makulli guda a aljihu.”

Ni da karatuna na yaƙi da jahilci, sai na fahimci akwai wani bawan Allah zaune a ofis yana sauraren muryata. To ai ba a wuce mutum ba gaisuwa. Duk saƙon murya da zan tura sai na fara da, “Sannu da aiki, mai saurare.” (Har mayafi nake yafawa.) Wata rana ma na roƙe shi takin zamani.

Ana saura kwana biyar biki, na tura wa uwar amarya saƙo a Rimawa kan gyaran jikin amarya. Zancen mata ne, sai na ga ya kamata in sallami mai sauraren. Na ce, “Kai kuma mai saurare, toshe kunnenka. Namiji da kai, ba ka da aiki sai laɓe? Tashi ka ba mu wuri!”

Ashe Hajiya uwar amarya ba ta da waya. Lambar ta mijinta ce, uban amarya, dattijo mai furfura, kuma shi ke kunna mata saƙo.

Da la'asar Bello ya shigo yana gumi. “Inna, mi kika ce ma Baba Alhaji? Ya aje waya ya hita, ya ce in haka gidanmu yake, a dakata da ɗaurin aure.”

Na ce, “Ni da gwamnati nike!”

“Wace gwamnati, Inna? Tsoho na, gemu har ƙirji!”

Don kunya na so in nutse, ƙasa ta ƙi tsagewa. Na gane cewa kafin mutum ya damu da kunnen da ke bayan teku, ya fara tambayar wa ke riƙe da wayar.

Washegari na sayi goro, na shiga motar Rimawa, na durƙusa daga bayan labule na yi bayani tiryan-tiryan. Alhaji ya yi dariya har da tari, ya ce biki na nan, amma tunda an naɗa shi gwamnati, in kawo kukana a rubuce.