Babban Injiniya da Ƙugiya Biyu

A duk hawa na uku babu wanda ya kai Babban Injiniya sanin kwamfuta. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji. Mutum ne mai kawaici, bai taɓa yabon kansa fiye da sau huɗu a zama ɗaya ba, sai dai in an yi baƙi. Kujerarsa ta fi ta kowa tsawon baya. Allon kwamfutarsa biyu ne, ɗaya na aiki, ɗayan kuma a kashe yake kullum, a nan yake duba zaman gashin bakinsa kafin ya shiga taro.

A gabansa Yallaɓai ake ce masa. A bayan idonsa kuwa Tunkafin, saboda ba ya buɗe magana sai da "tun kafin a haife ku". Har mai gadin ƙofa, wanda ya girme shi da shekara ashirin, ya sha jin haka, ya kuma amsa da "gaskiya ne, Yallaɓai".

Kamfanin ƙarami ne, mutum tara. Manhaja suke ginawa wadda ke adana tarihin rubutu: wa ya canja me, yaushe, kuma me ke wurin kafin ya canja. A shekarar nan aiki ɗaya tak suka samu, na wani gidan buga littattafan makaranta mai marubuta goma sha biyu, kowa a garinsu, kowa na gyara littafi ɗaya. In aikin ya karɓu, mutum tara sun tsira da kujerunsu. In bai karɓu ba, Manaja ta riga ta faɗa a taro cewa ba ta san abin da za ta ce wa kowa ba.

Inda aikin yake da tsini wuri ɗaya ne. Idan kwamfuta za ta aika wa 'yar'uwarta gyare-gyare, ba ta zuba su gaba ɗaya, ƙunshi-ƙunshi take yi. A goshin kowane ƙunshi akwai lamba mai gurbi huɗu da ke faɗin tsawonsa. Mai karɓa ta karanta lambar, ta ɗebi daidai abin da aka ce, ta kuma ɗauka cewa abin da ke biye lambar ƙunshi na gaba ce. In an gama, a aika sifili huɗu, kowa ya huta. Ba ta tambaya, ba ta zato. In an ce mata arba'in, arba'in za ta ɗiba, ko da maganar ba ta ƙare ba.

Dogo ne ya rubuta wannan ɓangare. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ba ya son hayaniya, abincin rana ma a kan teburinsa yake ci. Layi uku ya yi wajen auna tsawon ƙunshi. Wata Talata Tunkafin ya tsaya a bayansa, ya goya hannu, ya leƙa ta saman tabarau.

"Layi uku don ƙirge? Tun kafin a haife ku muke ƙirge da layi ɗaya. Ku 'yan yanzu kun ɗauka yawan rubutu shi ne ilimi. Matsa."

Dogo ya matsa. Tunkafin ya ce kujerar ta yi masa gajarta, ya koma ofishinsa, ya goge layi uku, ya sa ɗaya: a ƙirga haruffa, a ƙara huɗun goshi, a aika. Ya gwada da kalmar "gwaji", ta wuce lafiya. Ya tara ma'aikata ya yi musu jawabin minti arba'in a kan falalar taƙaitawa. Bayan mako ɗaya ya manta da zancen, domin manyan mutane ba sa riƙe ƙananan alherin da suka yi.

Akwai wata mata a lungun taga, ita ce Mai Gwaji. Aikinta ta nemo inda manhaja za ta karye kafin baƙo ya nemo. Shekararta goma sha ɗaya a wannan sana'a, ba ta ɗaga murya, komai sai ta rubuta. Ita ce ta sami Tunkafin a ofis wata safiya, da takarda a hannu.

"Yallaɓai, kwamfuta ba haruffa take aunawa ba, wurin da suka ci take aunawa. Harafi kamar a ko k wuri ɗaya yake ci. Masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, biyu-biyu suke ci. In muka ƙirga haruffa, lambar za ta gaza. Littattafan mutanen nan kuwa cike suke da ƙugiya."

Tunkafin ya yi murmushin da likita ke yi wa mara lafiyan da ya zo da sunan magani a baki.

"Malama, harafi harafi ne. Don ya lanƙwasa kai ba zai zama biyu ba. Ke in kin ɗaura ɗankwali mutum biyu kike zama? Na zauna da Turawa, na zauna da 'yan Sin masu haruffa kamar saƙar gizo, ba wanda ya taɓa kawo mini ƙarar ƙugiya. Ki ci gaba da gwada abin da na ba ki."

Abin da ya ba ta jimloli ashirin ne da ya buga da hannunsa, shi kuwa bai taɓa wahalar da yatsansa wajen neman ƙugiya ba. A wurinsa ƙasa da kasa duk ɗaya ne, mai karatu ya yi amfani da hankalinsa. Jimlolin ashirin suka yi ta wucewa kullum kamar ruwa. Mai Gwaji ta rubuta masa takarda sau uku. Ta farko ya ɗora kofin shayi a kai. Ta biyu ya ce tana kan teburinsa, kuma gaskiya ya faɗa. Ta uku ya mayar mata da gyaran waƙafi biyu. Ta je wurin Manaja, Manaja ta ce ita ba ta san harkar ba, tunda Babban Injiniya ya ce lafiya, to lafiya.

Ranar nuna aiki ta zo. Da ƙarfe takwas na safe Tunkafin ya lura da wani babban giɓi. Ƙunshin farko, wanda kwamfutoci ke gaisawa da shi, sunan manhaja kawai yake ɗauke da shi. Babu ambaton wanda ya haife ta. Ya ga wannan rashin adalci ne ga tarihi. Ya zauna ya ƙara, kuma saboda girman ranar, ya nemo ƙugiyoyin da kansa, ya kwafo su ɗaya bayan ɗaya: Ƙwararren Injiniya kuma Ƙasaitaccen Shugaba. Ya ja baya ya kalla. Bai gwada ba. Mutum ba ya gwada sunansa.

Ƙarfe goma baƙi suka iso, Babbar Edita ta gidan littattafan da mataimakanta biyu. Dattijuwa ce mai jan biro a hannu, irin waɗanda ke gyara rubutun allon talla a zuci in suna wucewa a mota. Aka zauna a ɗakin taro, aka rage labule, aka kunna majigi. Tunkafin ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat, ya sake maƙalawa.

"Hajiya, abin da za ki gani yau, ƙasashen da suka ci gaba ma sai sun yi shekara biyar kafin su kai. Ni ba na son yabon kai. Amma kowane harafi da zai tashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, da sanina zai tashi, da izinina zai sauka. Ko ɗigo ba ya ɓacewa."

Ya danna. Kwamfutar farko ta ƙirga haruffa, ta aika lambar da ta gaza da biyu. Ta biyun ta ɗebi abin da aka ce mata, ta baje shi a bango da manyan baƙaƙe:

Ƙwararren Injiniya kuma Ƙasaitaccen Shuga

Sai ta juya neman lambar ƙunshi na gaba, ta tarar da ragowar sunan a gabanta. Ta rubuta a ƙasa: "ba00" ba lamba ba ce. An yanke hulɗa.

Babbar Edita ta gyara tabarau, ta karanta a hankali, kamar yadda ta saba.

"Shuga," in ji ta. "Na shayi ko na ciwo?"

Ɗaya daga cikin mataimakanta ya sunkuya yana neman abin da bai faɗi ba a ƙarƙashin tebur. Manaja ta kalli Tunkafin. Shi ko gezau. Ya taɓa ganin irin wannan rana, kuma ya san maganinta: a nemo mai laifi tun abin bai huce ba.

"Malama, me ya faru?"

Mai Gwaji ta buɗe rubutun manhajar a bango, ta nuna layi ɗaya. "Nan ne, Yallaɓai. Haruffa ake ƙirgawa maimakon wurin da suka ci. Ƙugiya biyu ne a sunan, shi ya sa biyu suka zube."

Tunkafin ya kalli layin kamar yau ya fara ganinsa, kuma har ga Allah haka ya ji. Ya san dai ɓangaren na Dogo ne. Ya juya ga baƙi, ya dafa ƙirji.

"Kun ga abin da nake fama da shi. Wannan kuskuren ɗan koyo ne. Duk wanda ya rubuta wannan layi bai san kwamfuta ba, bai san harshensa ba, bai kuma cancanci ya sake taɓa wannan aiki ba. Manaja, ina ba da shawara a cire shi yau, a gaban baƙi, don su san ba ma wasa. Ba na duba fuska. Malama, buɗe tarihi, ai amfanin manhajar ke nan. A ga suna."

Dogo ya sunkuyar da kai, yana tunanin 'ya'ya huɗu.

"Yallaɓai, ko a bari sai an tashi?" in ji Mai Gwaji.

"Yanzu."

Ta buɗe. Manhajar, wadda a wannan fanni ba ta da aibi ko kaɗan, ta kawo komai: ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya da minti shida, layi uku da aka goge da ja, layi ɗaya da aka sa da kore, da sunan Babban Injiniya. Har da bayanin da ya rubuta a ƙasa: Na gyara shirmen yara.

Babbar Edita ta ce wannan ɓangaren na tarihi ya burge ta ƙwarai, shi take nema. Ta tambaya ko ana iya dawo da jajayen layukan. Dogo ya ce ana iyawa. Minti biyu ya ɗauka. Aka aika babi guda na littafin aji uku, mai ƙudaje da ɗorawa da ɓeraye, ya isa ɗaya gefen ba ko ƙugiya ɗaya da ta karye. Ta ce za su karɓi aikin, da sharaɗin matar nan ta lungun taga ta sa hannu a kan kowane gyara.

Da baƙi suka fita, Manaja ta tattara takardunta. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Yallaɓai, na karɓi shawararka. Daga yau."

Da la'asar ya isa gida. Matarsa na tsakar falo tana ninke kayan wanki, ta yi masa sannu da zuwa, ta tambayi yadda taron ya kasance. Ya zauna, ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa.

"An karɓi aikin. Amma sai da na tsaya tsayin daka. Wani ne ya so ya kunyata mu a gaban baƙi. Ni na sa aka tono shi, ni na yanke hukunci, Manaja ko musu ba ta yi ba. An cire shi."

Ta ajiye rigar da ke hannunta, fuskarta ta yi tausayi.

"Allah sarki. Maigida, da ka sassauta masa. Yana da iyali?"

Ya kalli safarsa.

"Yana da," in ji shi.