Yadda Ake Wanke Muryar Mamaci da Kwamfuta

Kai mai son a kira ka injiniya ba tare da ka wahala da karatu ba, matso kusa. Bi matakan nan sau da ƙafa, tabbas sai an san da zamanka. Hanya ce da aka gwada: Sahabi mai kaset na bakin tashar Yelwa ya bi ta tun jihar Kebbi tana rarrafe.

1. Samu kwamfuta, ka lulluɓe ta

Wani ɗan uwan Sahabi ne ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta daga Legas, da manhaja a ciki wadda aka ce tana cire ƙaraf-ƙaraf ɗin tsohon faifai. Ya ɗinka mata rigar leshi, ya hana kowa tari kusa da ita, don ya ji an ce kwamfuta tana kamuwa da cuta. Kai ma yi haka. Duk abin da aka rufe da leshi, mutane ba sa tambayar ko yana aiki.

2. Kada ka taɓa cewa ba ka iya ba

Wata safiya Inna Tamada ta iso daga Warra da faifai ƙunshe a zanenta. Mijinta, marigayi Abubakar, mawaƙin masunta ne. Wani Bature ya ɗauki muryarsa a tsibirinsu kafin ruwan Kainji ya cinye garin, ya bar masa faifai ɗaya tak. Mutanen tsibirin da suka warwatse za su yi taron zumunci, ita kuma tana so a ji shi a lasifika.

"Ɗana, allura ta cinye shi," in ji ta. "Jikokinai ba su gane abin da shika cewa."

"Inna, wanga ai ƙaramin aiki na. Za ki ji shi kamar jiya ya rera."

Sahabi bai taɓa buɗe manhajar ba. Wannan ba damuwar tsohuwa ba ce.

3. Ɗura waƙar cikin kwamfuta

Masana suna amfani da waya ta musamman. Kai ba ka da ita. Ari garmaho, ka kafa makirufo a bakinsa, ka bar ƙofa a buɗe saboda zafi. Haka Sahabi ya yi. Ya kunna janareta, ya ɗora allura, sannan ya ja benci shi da abokinsa Basiru mai bandar kifi, suka buɗe hira kafin waƙa ta ƙare.

4. Ja komai har ƙarshe

A manhajar akwai wani ɗan maɓalli da ake ja daga "kaɗan" zuwa "da yawa". "Kaɗan" na matsorata ne.

Sahabi ya ja, ƙaraf-ƙaraf ya tafi. Ya ga sauran tsini-tsini a allo, ya ƙara ja: tafin 'yan amshi ke nan ya tafi. Ya sake ja, ganga ta bi su. Shi kuwa marigayi, sanyin kogi da taba sun daɗe da dusashe masa murya, kwamfuta ta ɗauka shi ma tsatsa ne. Zanen allo ya kwanta luf, Sahabi ya yi hamdala.

5. Kada ka saurara

Sauraro aikin masu shakka ne. Juye a kaset, ka rubuta sunanka a jiki da manyan baƙaƙe.

6. Halarci taron da kanka

Sahabi ya sha babbar riga ya sauka Warra, aka ba shi kujerar gaba a inuwar bakin ruwa. Tsofaffi sun cika tabarmi, wasu tun daga Shanga. Inna Tamada ta tara jikoki a gabanta, aka danna kaset.

Shuuu. Ba ganga, ba tafi, sai shuuu. Wani dattijo ya fara share hawaye, ya ce wallahi haka kogin yake yi da asuba.

Sai ga murya ta fito tangaran, ko gidan rediyo albarka:

"Basiru, wanga tsoho waƙa shika yi ko ƙaya ta maƙale mishi? Miƙo min kan tarwaɗar nan."

Daga nan sai ƙarar tauna, ita ma tsaf, babu ƙaraf ko ɗaya.

7. Ɗora wa na'ura laifi

"Inna, kwamfuta ce," in ji Sahabi, gumi yana bin wuyan rigarsa. "Wani lokaci takan kwaikwayi muryar mai ita."

Inna Tamada ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu kawai: "Faifaina."

Aka samo garmaho a gidan wani tela, aka ɗora. Ƙaraf, ƙaraf, tsss, sai dusasshiyar muryar Abubakar ta taso, tana kiran sunayen mashigai da unguwannin da yanzu kifi ke kwana a cikinsu. Tsofaffi suka karɓi amshi tun kafin faifai ya kai wurin. Inda allura ta cinye kalma, sai su cike da bakinsu, jikoki suna maimaitawa.

Da aka gama, Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi kujerar gaba.

"A kawo ma baƙo kifi. Duk mun ji yana so."

Aka dire masa tire guda na kan tarwaɗa zalla. Taro ya zuba masa ido har ya tsotse na ƙarshe.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai taɓa ganin kwamfutarka ba, kuma ranar taron yana da uzuri a wani gari. In aka goge maka kaka, ko masu kwale-kwale suka ƙi ɗaukarka, ko aka laƙaba maka sunan kifi har ya bi 'ya'yanka makaranta, tsakaninka da mutanen bakin ruwa ne. Kada ka kawo ƙara nan, ko ka kawo za mu cire ta.