Jirgina da Waken Surukina

Ni ne na ƙera jirgin sama a Gwarzo, da injin ban-ruwa da kwanon rufin ɗakin girkin matata. Da Sabo bakanike ya ce shi ma ya haɗa nasa, sai muka sa tsere zuwa Kabo. Shari'a ta hana caca, don haka girma kawai muka zuba.

Ranar tseren na sha babbar riga, na yi sallama da jama'a kamar maniyyaci. Har na ce wa surukina, Alhaji Bala, "Baba, in na zo saitin gonarka zan ɗago maka hannu."

Mai ya yi tsada, sai na sirka da kananzir. Jirgi ya yi tari, ya zabura, bai bar ƙasa ko kamu ɗaya ba, ya faɗa cikin waken Alhaji yana tuge shuka, ya kife. Injin Sabo ƙin tashi ma ya yi, amma wa ya tuna da shi?

Jakin Alhaji ne ya jawo jirgin gida. Daminar nan kaf, a ƙarƙashin lema matata ta yi girki.

Har yau in na je gaisuwa, sai Alhaji ya ce, "Matuƙi, bana ma za ka taya mu huɗa?"